Muryar da ke Saman Bene

Fiyanon ya maƙale a ƙofar ɗakin kwana, rabi ciki rabi waje, ƙarti huɗu suna nishi a kansa, kowa yana ba kowa umarni. Malama Do-Re-Mi ce ta ɗora musu wannan aiki. Da safe aka sallamo ta daga asibiti, irin sallamar da likita ke yi yana kallon takalminsa, kuma tun kafin a gama gyara mata matashi ta ce ba za ta kwanta a ɗaki ɗaya, fiyanonta yana wani ɗakin ba.

"Malama, ba zai shiga ba fa," in ji Direba, maƙwabcinta na saman bene, yana share gumi da kafaɗa.

"To ku cire ƙofar. Ƙofar ce ba na so, ba fiyanon ba."

Matar Direba tana tsaye a falo, rungume da labulen da aka kwance. Sai ta ga gefen fiyanon ya sulluɓe daga hannun ɗaya daga cikin ƙartin, wani mai walda, yana shirin sauka a kan ƙafar mijinta. Ba ta yi shawara da kowa ba, ko da bakinta.

"Ku riƙe! Ku ɗaga ta hagu!"

Maganar ta cika falon kamar an buga ganga a cikin rijiya. Kofunan da ke cikin kabad suka amsa. Ƙartin nan suka ɗaga ta hagu kafin su san sun ɗaga, fiyanon ya shige salin-alin.

Daga kan gado aka ce, "Wane ne wannan?"

"Ni ce, Malama," in ji matar Direba, da wata 'yar siririyar murya kamar cokali a bakin kofi.

"Ba ke na tambaya ba. Wanda ya yi magana yanzu nake nema."

Direba ya dubi matarsa, ta harare shi, ya dubi rufi.

"Ita ce dai, Malama," ya ce. "Janareta ce ta tashi."

Sunan ya samo asali tun tana aji biyu a firamare, ranar da aka jera su waƙar safe, malamin ya yi ta zagaye yana neman inda ƙugi ke fitowa. Da ya same ta, sai ya ce daga yau ta riƙa motsa baki kawai, kada ta wahalar da kanta. Yara suka sa mata Janareta. Mutane suna cewa yaro mantuwa gare shi. Ba gaskiya ba ne. Yaro yakan ajiye abu ne har sai ya girma ya sami inda zai yi masa ciwo sosai. Da ta sami aikin karɓar baƙi a asibitin haƙori, duk wanda ya bugo waya sai ya ce mata "Yallaɓai." Cikin wata guda ta ƙera wa kanta sabuwar murya, ta ɗaga ta sama ta rataye a hanci, ta riƙa sa ta da safe tare da takalmin aiki. Da ita take gaida maƙwabta, da ita take cinikin kayan miya. Muryarta ta gaskiya kuwa sai a cikin gida, ƙofa a rufe.

Da aka jingina fiyanon kusa da gado, ta yadda hannun dama na mai jinya zai kai, Malama ta kori kowa, ta bar miji da mata.

Shekara talatin da wani abu ta yi tana koyar da waƙa a makarantu, ita ce kuma ta kafa ƙungiyar mawaƙan unguwa da ke bita a zauren firamare. Yanzu ciwo ya cinye ta, saura idanu da kunnuwa da harshe, su kuwa ba abin da ya taɓa su.

"Ke, matso. Lokacin da yaranki suke ƙanana, in na zauna da yamma ina kaɗa waƙar rarrashin nan tawa, wa ke rera ta a sama?"

Janareta ta sunkuyar da kai. "Ta cikin daɓe nake jin ki, Malama. In yaro ya ƙi barci, sai in bi ki."

Malama ta juya idanu a hankali zuwa ga Direba.

"Kai kuma, maras kunya! Shekara nawa ina tare ka a bakin matakala ina roƙonka ka shiga ƙungiya, layin maza na tena? Ina ce maka Allah ya yi maka baiwa? Kana ce mini 'sai na sami lokaci, Malama'?"

"Malama, ni hon ɗin motata ma ya fi ni daɗin murya. Ita ce ta ce in na faɗa miki, in nemi mai dafa mini abinci."

"Ka karɓi yabon kuwa hannu bibbiyu."

"To, Malama, mutum ya ƙi abin da aka ba shi kyauta?"

Malama ta yi dariya har tari ya kama ta, Auta, 'yar ƙaninta da ke jinyarta, ta leƙo da ruwa. Da ta sami numfashi sai ta ce, "Laifin siminti ne. Ya tsotse launin muryar, ya sako mini zurfin kaɗai, na ɗauka namiji ne. Ni da nake cika baki da kunne! Ke, har yanzu kina cikin ƙungiyar?"

Nan ne wurin ciwon Janareta. Ta shiga ƙungiyar bayan Malama ta yi ritaya ta miƙa wa tsohon ɗalibinta, wani akawu mai kirki da son tsari. Yadda Akawu ke tantance mata shi ne ya jera su, ya fara hawa maɓallan fiyano zuwa sama. Wadda ta fara gajiya ta koma bencin alto, na masu rera ƙasa-ƙasa, waɗanda suka jure su zama sofirano, masu rera sama. Janareta, da ta rantse ba za a sake fitar da ita daga layi ba, ta matse maƙogwaro ta jure. Ta yi shekaru a layin baya na sofirano tana komawa gida da murya a dishe, tana shan ruwan ɗumi. Bana muryar aron ta fara tsagewa a tsakiyar waƙa. A makon jiya Akawu ya ja ta gefe, cikin ladabi har da murza hannu, ya ce a taron ƙarshen shekara ta riƙa motsa baki kawai, bayan taro kuma suna matuƙar buƙatar mai kula da jera kujeru.

Ta faɗa wa Malama duka. Ta ƙara da cewa a taron za a rera waƙar rarrashin don girmama ta, kuma Kanari, tauraruwar sofirano, ce za ta ja.

"A sama, ko? Inda Akawu ya ɗaga ta tun da na bar musu?"

"A sama, Malama."

"Wa ke rarrashin yaro da usur? Gobe in kin taso aiki, ki zo. Kada ki zo da wannan 'yar tsanar da kike magana da ita. Ki bar ta a matakala."

Washegari ta zo da la'asar, da kayan aiki a jikinta. Ɗakin yana warin man zafi da tsohuwar takarda. Auta ta tallafi Malama da matasai har yatsanta ya kai ga maɓallai.

"Kina mura?"

"A'a."

"Madalla. Abu na farko ke nan. Ba a auna murya da mura, ba a auna ta da sassafe. Da asuba kowace mace ta fi zurfin murya. In ka auna a lokacin, rabin unguwar nan kwantiralto ne."

"Kwanti me, Malama?"

"Kwantiralto. Muryar mata mafi zurfi, kuma mafi ƙaranci. Duk shekarun da na yi ina koyarwa biyu na taɓa samu, ɗaya ta bi miji wani gari, ɗaya ta ce waƙa ɓata lokaci ne. Ban ce ke ce ba tukuna. Sa tafin hannu a ƙirji. Ba nan ba, ƙasa kaɗan, kan ƙashi. Yanzu ce mini 'ina wuni' yadda kike ce wa wancan maƙaryacin in ya dawo."

"Ina wuni," in ji Janareta a hanci.

"Na ce ki bar ta a matakala!"

Janareta ta rufe ido. "Ina wuni."

"Me kika ji a hannunki?"

"Rawa yake yi."

"Yawwa. Nan take zaune. Riƙe wannan sautin, kada ki yi masa ado." Yatsan ya yi ta lalube har ya sami maɓallin da ya yi daidai da maganarta. "Ga inda kike magana. Ga kuma do ta tsakiya, cibiyar fiyano, can sama da ke. Akawu daga nan yake hawa. Mu sauka za mu yi. Ce 'aa', ki biyo ni, kamar mai sauka matakala da tire a hannu."

Suka sauka. Do, ti, la, so. Janareta tana jiran inda muryar za ta ƙare ta koma iska, sai ta ji kowane mataki ya fi na baya faɗi. Kafaɗunta da suka yi shekaru a ɗage suka sauko da kansu. A kan fa ta ƙasa muryar ta buɗe ta cika ɗakin, mai duhu, mai ɗumi, ba gargada. Auta, da ta zo ɗaukar kofi, ta tsaya da shi a hannu.

Suka ƙara taki ɗaya, da wani, sannan Malama ta ɗauke yatsa.

"Yanzu sama."

Saman ma akwai shi, har ya ba Janareta mamaki, amma tun daga wani wuri ta ji muryar ta yi ɗan tuntuɓe ta sake kama hanya da wani launi.

"Kin ji wannan? Kada ki ji kunyarsa, kowa yana da shi. Nan murya ke barin ƙirji ta koma kai."

"Canjin giya ke nan," in ji Direba daga taga, inda ya laɓe.

"Kai, tafi ka wanke motarka! Amma gaskiyarsa. Naki canjin yana zuwa da wuri, tun a ƙasa, kafin na sauran mata. Wannan shaida ce. Saurara da kyau, don ba ni da numfashin maimaitawa. Ba iya inda kika taɓo ne ke gaya mana muryarki ba. Mace mai matsakaiciyar murya, wadda ake ce wa mezo, tana iya leƙo nan ƙasa, amma leƙe ne, za ki ji muryar ta yi siriri tana neman hanyar gida. Ke ma kina iya leƙa sama. Tambayar ita ce: ina za ki wuni kina waƙa ba ki gaji ba? Can ne gidanki. Sauran duk ziyara ce."

"To ashe bencin alto ya kamata in zauna tun farko."

"Alto sunan benci ne. Kowa ana iya zaunar da shi a kai. Kwantiralto sunan murya ne, da ita ake haihuwar mutum. A ƙungiya can za ki zauna, i, amma ba don kin kasa hawa ba."

"Malama, ba muryar maza ba ce?"

"Wa ya ce?"

"Kowa."

"Kowa bai taɓa sauraro ba. Namiji mai muryar sama, wadda ake ce wa tena, in ya zo wurin nan, hawa yake yi, muryarsa tana haske tana ƙoƙari. Ke in kin zo, zama kike yi. Sauti ɗaya, launi biyu. Ni siminti ya ruɗe ni. Su mene ne hujjarsu?"

Sannan ta nuna mata wani abu. Ta danna fa ta ƙasa a hankali, a hankali, har maɓallin ya nutse ba tare da ya yi ƙara ba, ta riƙe shi. Ta sa Auta ta buɗe murfin sama.

"Yanzu ƙyallen da ke danne tsirkiyar wannan maɓallin a ciki ya ɗaga. Rera mata sautin fa, sannan ki yi shiru."

Janareta ta sunkuya ta rera, ta yi shiru. Daga cikin fiyanon, ba wanda ya buga komai, sautin ya dawo, siriri, yana ta tafiya.

"Kin ji? Ita ba ta san mace ko namiji ba. Ta dai san an kira ta daidai."

Haka suka riƙa yi kullum da la'asar. Malama ta hana ta tura murya ƙasa da ƙarfi don burgewa, ta ce wannan ma muryar aro ce, ta canja riga kawai. Ta koya mata jan numfashi har ciki, da barin haɓa ta saki. Ta gaya mata cewa waƙar rarrashin a kan muryar mahaifiyarta, ita Malama, ta tsara ta, mace mai wanki wadda in ta kira yaro daga bakin titi, na layin baya ma yakan amsa. Wasu ranakun darasin ba ya kai ko'ina, barci ya ɗauke Malama yatsa a kan maɓalli. Abincin da Auta ke kawowa ya riƙa komawa yadda ya zo. Ba wanda ya faɗa, amma kowa a gidan ya san Malama ba za ta ga taron ƙarshen shekara ba.

"Ki je ki gaya wa Akawu," Malama ta ce wata rana. "Ki ce ya maido waƙar inda na ajiye ta, ya ba ki."

Janareta ta je. Bayan bita ta tsaya har aka watse, ta sami Akawu yana jera takardun waƙa gefe da gefe. Ta buɗe baki, sai 'yar tsanar ta riga ta fitowa. Da wannan siririyar murya mai tsagewa ta gaya masa cewa Malama ta ce ita kwantiralto ce.

Akawu ya dube ta da tausayi. "Anti, kin san irin magungunan da ake ba Malama yanzu masu ƙarfi ne. Kada ki sa abin a rai. Ga shi an riga an tsara komai, Kanari ta yi wata biyu tana bita." Ya ƙara da cewa tun da Malama ba za ta iya zuwa zaure ba, ƙungiya za ta je ranar Asabar ta rera mata a ƙarƙashin taga. "Ki zo da rigar ƙungiya. Layin baya, kamar yadda muka yi magana."

Da ta kawo labari, Malama ta buɗe ido ɗaya.

"Magunguna, ko? Yaron da na yi shekara biyu ina koya masa tafa hannu a kan kiɗa. Da wace murya kika gaya masa?"

Janareta ta nuna hancinta da yatsa.

"To ai bai yi laifi ba. Kin je sayar da doki kin nuna masa hoton akuya." Ta rufe idon. "Ni ba zan roƙe shi ba, ba kuma zan roƙe ki ba. Na ji waƙata daidai ta cikin siminti. In haka rabona yake, shi ke nan."

Ranar Asabar da yamma aka kwashe shanya daga tsakar gidan, Direba ya janye motarsa waje. Mawaƙa kusan talatin suka jeru a kan siminti cikin fararen riguna, maƙwabta suka cika barandar sama, yara suka hau katanga. Auta ta buɗe tagar ɗakin ta ɗaure labule. Daga waje ba a ganin komai sai ƙarshen gado da gefen fiyano. Tun safe Malama ba ta yi magana ba.

Akawu ya ɗora ƙaramin fiyanonsa mai batir a kan kujera, ya yi ɗan jawabi a kan gudummawar Malama ga al'umma. Suka rera waƙoƙi biyu, aka tafa. Daga ɗakin shiru. Sannan ya ba da sautin waƙar rarrashi, can sama, Kanari ta matso gaba, ta haɗa hannuwa a ciki, ta fara. Kada a zalunce ta: muryarta kyakkyawa ce, tsaf kamar gilashi. A layin baya Janareta tana motsa baki.

Ba a kai ƙarshen layin farko ba, sai aka ji daga taga: dum.

Sauti ɗaya, mai zurfi, daga tsohon fiyano. Kanari ta ɗan yi tuntuɓe ta ci gaba. Dum. Akawu ya waiga. Dum. Dum. Yatsa ɗaya ne, ba ƙarfi, amma bai fasa ba, kuma ba ya tafiya da abin da ake rerawa ko kaɗan. Kanari ta yi shiru. Masu amshi suka bi ta ɗaya bayan ɗaya.

"Ko hannunta ne ya faɗa a kai?" wata ta raɗa.

"A je a duba ta mana."

Dum.

Janareta ta san sautin kamar yadda ta san ƙofar gidanta. Fa ta ƙasa ce, inda waƙar take farawa a wurin mai ita. Tazarar da ke tsakanin bugu da bugu tana ƙara tsawo. Ta dubi ƙeyar matan da ke gabanta, ta dubi yaran da ke kan katanga, irin waɗanda ke raɗa wa mutum suna ya bi shi har tsufa. Ta ɗaga kai, ta ga mijinta a baranda ya dafa ƙirjinsa da tafin hannu, kan ƙashi, yana kallon ta.

Bugun na gaba ya yi jinkiri. Ya yi jinkiri ƙwarai. Da ya zo, da kyar aka ji shi.

Ta sa hannu a ƙirji ta buɗe baki.

"Kwanta, ɗana, ruwa ya ɗauke,
ni ce a bakin ƙofa."

Layin gaba duka ya juyo. Wani daga cikin maza ya leƙa bayansa yana neman wanda ya shigo. Muryar ba ta yi ihu ba, shimfiɗuwa ta yi a tsakar gidan kamar an zuba ruwan ɗumi, ta bi bango ta hau bene. Wani yaro a kan katanga ya fara dariya, yayarsa ta make shi. Matan da ke gabanta suka dare biyu ba wanda ya ce su dare, Janareta ta ga hanya a buɗe har taga, ta bi ta tana rerawa.

"Iska ta zo, ta tambaye ka,
na ce mata kana barci."

Akawu ya tsaya da hannu a sama, baki a buɗe. Mutum ne mai son tsari, amma ba kurma ba ne. Ya sauke hannun, ya lalubi maɓallansa, ya sauko, ya sauko, har ya same ta. Ya juya ga maza ya yi musu alama su shigo a hankali, su yi mata shimfiɗa. Da aka zo amshi, Kanari, wadda kowa ke satar kallonta, ta ja numfashi ta ɗora wani siririn zare a can sama, ta bar waƙar a hannun mai ita.

A baiti na biyu akwai wurin da waƙar ke hawa. Janareta ta ji canjin giyar yana zuwa, ba ta matse ba, ta bar shi ya wuce, ta leƙa sama ta dawo gida. A ƙarshe waƙar ta sauka kan fa ta zauna, ta riƙe ta har numfashinta ya ƙare.

Ba a tafa nan da nan ba. Jaririn mai shago, da ya wuni yana tsala kuka, ya yi barci a kafaɗar uwarsa. Sai Direba ya fasa shirun daga sama.

"Matata ce! Jama'a, matata ce wannan!"

Gidan ya ɓarke da tafi da dariya da sowa. Auta ta leƙo ta taga, fuska jiƙe, ta ɗaga hannu a yi shiru.

"Ta ce a kira mata Akawu."

Ya matso, ya cire hula, ya sunkuya. Muryar da ta fito daga ciki kamar takarda ake murzawa, amma na kusa sun ji.

"Yaya maganin nawa?"

"Malama, ki yafe ni."

"Ba ni za ka ba haƙuri ba. Daga yau in za ka auna mace, ka sauka kafin ka hau. Ka nemi wani ya jera maka kujeru."

"An gama, Malama."

"Ina maƙaryacin nan?"

"Ga ni, Malama!" in ji Direba, da ya sauko da gudu.

"Na sallame ka daga tena."

Janareta ta shiga ɗakin ta durƙusa a gefen gado. Hannun Malama yana kan maɓallin har yanzu, ta ɗauke shi ta mayar ƙarƙashin bargo. Maɓallin bai taso ba. Tsohon katako ne, ya sha bugu, ya maƙale a ƙasa.

"Na yi daidai, Malama?"

"Kin ja numfashi a tsakiyar kalma a baiti na biyu." Leɓenta ya ɗan motsa. "Haka mahaifiyata take yi ita ma. Ba ta taɓa gyarawa ba."

Malama Do-Re-Mi ta rasu ranar Talata da hantsi, taga a buɗe, Auta tana wanke kofuna. Ba ta sha wahala ba. Mutanen da suka zo gaisuwa sun cika titi har mai shago ya fito da bencinansa, kuma tsofaffin ɗalibai masu furfura suka yi ta gardama a kan wanda ta fi zagi a cikinsu, kowa yana so ya zama shi.

Da Janareta ta koma aiki, wayar farko da ta shigo ta ɗauka ta yi gaisuwa da muryarta.

"Yallaɓai, don Allah ina so in ga likita."

"Mace ce. Wane haƙorin ne ke ciwo?"

Likita ya leƙo daga ɗakinsa da abin rufe hanci a haɓa, ya dube ta, ya dubi wayar, ya koma.

A taron ƙarshen shekara ita ta ja waƙar rarrashi, a inda aka ajiye ta, zaure cike. Kafin wata ya zagayo mata biyu daga bencin alto da wata yarinya mai sayar da katin waya sun tare ta a bakin ƙofa, kowace da irin tambayarta a ƙasa-ƙasa, ko za ta ɗan saurare su. Ta ce su zo da yamma, ban da mai mura.

Ranar da za a kwashe kayan Malama, ta sauko da tsintsiya ta taya Auta. An naɗe katifa, an cire labule, ɗakin ya yi girma. Fiyanon zai koma zauren firamare. Direba ya tafi neman ƙarti da abin kwance ƙofa. Auta ta fita da kwali na ƙarshe.

Murfin sama yana buɗe yadda aka bar shi. A cikin jerin fararen maɓallai, ɗaya yana nan a nutse, da ɗan tabon man zafi a kansa. Janareta ta jingina tsintsiya a bango. Ta sunkuya, ta ce "aa" a hankali, ta yi shiru.

Daga cikin katakon tsirkiyar ta amsa, ta yi ta tafiya a ɗakin da ba kowa.